Filtar da Na Mayar wa Mai Gareji

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ga ni a gida war haka kamar mai jinya. Shekara ashirin da biyu ban san inda rana take faɗowa a tsakar gidana da hantsin Litinin ba sai yau.

Mai Gareji ya kore ni. Shi dai cewa ya yi, "Ka je ka ɗan huta har maganar ta lafa." A gaban Lauya, wani kwastomanmu, ya faɗa, a gaban kanikawa duka, a gaban ƙaninsa Sauri da ke tsaye yana goge sifanar da ba ta da datti. Injin motar Lauya ya tashi aiki, ƙura ta cinye ringin fistin. Wani garejin da ya kai ta suka ciro filtar iskar suka nuna masa audugar ta huje, suka ce wanda ya wanke ta tiyon iska ya sa mata. Ya zo da ita a leda yana kiran kotu. Ya ce wa ya wanke? Mai Gareji ya juyo ya dube ni.

Ni. Ni da nake naɗe tiyon iska in rataye shi can sama duk ranar da aka kawo irin wannan filta.

Akwai sunan da nake kiransa da shi tun muna koyon aiki a hannun ubangida ɗaya. Ba zan rubuta shi a nan ba. Daga yau Mai Gareji ne.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Matata Maman Auta ce ta ba ni wannan littafi daga cikin na awon ɗinkinta. Ta ce in zuba masifar a ciki in ƙyale mata kunne ta yi aikin mutane. Bironta ba ya fita da kyau, sai na ɗauko maka, alƙalamin nan mai kaurin baki. Da wannan manyan baƙaƙe littafin ba zai daɗe ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Bai kira ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ina neman wani abu a jakar aikina hannuna ya taɓa leda. Filtar motar Mai Gareji ce. Tasa ta kansa.

Na manta da ita shaf. Ranar Asabar Sauri ya ciro ta ya miƙo mini, aka sa wa motar ta takarda kafin in wanko wannan. Ni ba na shanya filta a gareji in da hali, ƙurar wurin ta yi yawa, gida nake zuwa da ita. Irin ta Lauya ce sak: auduga ninki-ninki tsakanin ragar waya biyu, an shafe ta da jan mai, man ne yake kama ƙura. Ba a yar da ita kamar ta takarda, wankewa ake yi a sake shafa mai, kuma in ta sami mai kula tana iya binne motar. Mai Gareji yana ji da ita fiye da yadda yake ji da haƙoransa. A duk garejin ni kaɗai nake wanke masa.

Na ajiye ta kan tebur na zauna ina kallonta. Na daɗe rabon da in ji daɗi irin na safiyar nan.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mai Fenti ya zo gaishe ni. Shi kaɗai ya zo. Ya zauna a bakin benci yana murza hularsa, ya tambayi yara, ya tambayi zafi, ya sake tambayar yara. Na ce, "Faɗi abin da ya kawo ka, hular nan ba ta yi maka laifi ba."

Ya ce, "Oga Kunne, ranar motar Lauya da ka fita, ni ina wurin. Lauya ya dawo da wuri yana ta duba agogo. Sauri ya zo ya zare tiyo daga bindigar fentina, ya ce minti biyu. Na ce masa Oga Kunne fa ya hana. Ya ce Oga Kunne tsohon yayi ne, iska iska ce."

Na ce, "To taso mu je ka faɗa a gabansu."

Ya ce, "Haba Oga, 'ya'yana biyar. Rumfar da nake fenti a cikin garejinsa take."

Na raka shi bakin ƙofa. Dama na sani. Sauri bai taɓa jiran ruwa ya tafasa ba, shi ya sa aka sa masa sunan, kuma sauri ya haifi nawa. Yanzu shi ne yake zaune a bencina, ƙarƙashin ƙaton kwan lantarkin da yayansa ya sa bara don kwastoma su ce garejin ya ci gaba. Shi ya yi ɓarna, ni aka shafa wa kashin kaji.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Allah ya isa. Na faɗa da safe, na faɗa yanzu, zan faɗa da yamma.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ya aiko. Bai aiko a ji ko na mutu ba. Ya haɗu da babban ɗana a hanya, wanda muke tsokana da Direba-ba-mota saboda shekara biyu da lasisi a aljihu ba aikin tuƙi, ya ce masa, "Ka ce wa babanka ya wanko mini filtata, ina buƙatarta."

Ka ji ƙarfin hali! Hannun da ya ce bai iya wanki ba, shi yake so ya wanko masa.

Zan wanko masa kuwa. Allura ɗaya daga cikin na Maman Auta ta isa. Huda ashirin a can cikin ninki inda ido ba ya kaiwa, in bi da jan mai. Mota ba za ta yi tari ba yau, ba za ta yi gobe ba. Ƙura za ta riƙa shiga kaɗan-kaɗan tana gurzar fistin, wata rana sai ya ga baƙin mai yana ƙarewa bai san inda yake zuwa ba. Kuma yanzu ya sami aikin gyaran tifofi a wurin fasa dutse, kullum sai ya je. Ƙurar dutse ba ta da tausayi. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na ce bari in wanke ta tukuna. Allura ba ta shiga daidai a cikin datti.

Na buga ta a hankali a tafin hannuna, busasshiyar ƙura ta zube. Na bi ninkin da burushi mai laushi. Na fesa mata sabulunta ciki da waje har ta jiƙe sharkaf, na bar ta minti goma. Ba fetur, ba kananzir, su suke ƙanƙance auduga. Daga nan sai famfo, a buɗe shi kaɗan, ruwan ya shiga ta gefen da ke kallon inji ya fita ta gefen da ke shan ƙura. In ka juya, dattin ka tura ciki. Ruwa ya fito baƙi ƙirin, ya koma ruwan ƙasa, ya koma ja-ja, daga ƙarshe ya fito fari. Na yarfe ta na jingina a inuwar baranda.

Ba a sa ta a rana, ba a kai ta kusa da wuta, ba a hura mata iska. Da kanta take bushewa, a lokacin da ta ga dama. Sau nawa na faɗa wa Sauri haka? Ya fi sau ɗari.

Maman Auta ta leƙo ta taga ta ce, "Mutumin da ya kore ka kake yi wa wanki da wannan lallami? Ni ko rigata ba ka taɓa wanke mini haka ba."

Na ce, "Ki jira ki ga guga."

Abin da ya ba ni haushi shi ne hannuna. Yana aikin kamar ba a yi masa komai ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ba sai na ɗauki allura ba.

Ta bushe, audugar ta yi fari-fari. Na fito da ita tsakar gida na ɗaga ta sama ina kallon rana ta cikinta, yadda nake yi wa kowace filta kafin mai. Maman Auta ta zo wucewa da tsinken zare a baki, ta tsaya a bayana. Ta ce, "Kai, wannan ai rariya ce."

Na ce, "Wace rariya?"

Ta karɓa ta ɗaga. "Ga su nan. Ɗaya, biyu, uku, nan ma ga wata doguwa. Duk gindin ninkin nan haske yana fitowa. Sun fi talatin." Sai ta sauke hannu ta dube ni. "Baban Auta, kai ba ka gan su ba?"

Na ce rana ce ta kashe mini ido.

Ta miƙo mini filtar tana kallona. Kallon nan nata na tsana.

Ashe ranar Asabar da Sauri ya ciro ta, sai da ya kaɗe ta da tiyo kafin ya miƙo mini. Hannunsa ya saba. Ya yi wa motar yayansa abin da ya yi wa ta Lauya.

Maman Auta ta ce, "Alhamdu lillahi. Ga shaidarka nan Allah ya kawo maka har gida. Ka sa rigarka ka kai musu a haka, fara, ka ɗaga a rana kowa ya gani."

Na ce zan yi tunani.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe takwas na safe

In na kai, me za su ce? Za su ce to, Sauri ya hura. Ta Lauya fa, wa ya shafa mata mai ya mayar? Kai. Ka ɗaga ta a rana? Na ɗaga. To.

Ba zan kai ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na shafa mai. Ban taɓa shafa mai mai kyau irin na yau ba. Layi ɗaya siriri a kan kowane ninki, daga wannan baki zuwa wancan, sannan na bar shi minti ashirin ya bi audugar da kansa. Na shafa da yatsa na ji inda ya rage a bushe na ɗiga masa. Bai yi yawa ba balle ya ɗiga cikin bututu, bai yi kaɗan ba. Ta yi ja jawur kamar sabuwa. Man ya toshe ƙananan hudojin a ido, kuma kwana biyu a kan hanya iska za ta buɗe su.

Maman Auta ta tsayar da keken ɗinki. Ta ce, "Haka za ka aika da ita?"

Na ce, "Wanki ya ce in yi, na yi. Ni ban huda komai ba. Ƙaninsa ne ya huda, su ƙarasa can a gidansu."

Ta ce, "Amma ka sani."

"Shi ma ya san ni shekara talatin da wani abu, ya hana shi nuna ni?"

Ta ce, "To ka dai gina shi gajere."

Na ce ba rami nake ginawa ba, filta na wanke. Ta koma kan kekenta tana taka shi kamar shi ya ɓata mata rai.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Direba ya kai. Bai san komai ba. Ya ce Mai Gareji da kansa ya karɓa, ya juya ta ya ce, "Kun gani? Wannan shi ne wanki." Da hannunsa ya sa ta a mota. Ya kuma ce a gaya mini bai manta da ni ba.

Ni ma ban manta da shi ba.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Kwana biyu. Zuwa biyu, dawowa biyu.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na je neman aiki gareji uku. Na farko sun ce sun ji labari. Na biyu mai wurin yaron da na koya wa ɗaura burki ne, ya kawo mini kujera da ruwan sanyi, ya yi ta "Oga, Oga," bai dai ce in zo gobe ba. Na uku mutumin kirki ne. Ya tayar da wata mota ya ce me na ji? Na ce bawul na uku yana ƙara, kuma bel ya saki. Ya yi dariya ya ce lalle ba a banza ake ce mini Kunne ba. Sai ya miƙo mini wani ɗan kwali ya ce in karanta masa lambar da ke jiki ya kira mai kaya.

Rubutun kwalayen yanzu ƙanana ne. Kuma rumfarsa duhu. Na ce na tuna ina da wani uzuri, zan dawo.

Duk Mai Gareji ne ya ja mini wannan yawo.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na yi lissafi. In yana zuwa wurin fasa dutse kullum, zuwa yanzu cikin bututun ya fara fari. Ina kwance ina ganin ƙurar tana wucewa ta hudojin nan ɗaya bayan ɗaya, tana sauka kan mai, tana zama yashi. Wallahi abinci ya fi yi mini daɗi in na tuna.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe tara na safe

Direba ya je gwajin tuƙi a wani kamfani, sun ɗauki ɗan wani. Ya dawo ya zauna a baranda yana jujjuya lasisin nan. Na ce masa ya yi haƙuri. Ya ce, "Baba, kai ma ka yi." Yaran zamani ba su da kunya.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ta ga katin asibitin. Wanki take yi ta same shi a aljihun rigar aikina. Ta shigo ta ajiye mini shi a kan wannan littafi, ta zauna, ta ce, "Tun yaushe?"

To bari in rubuta, tunda na faɗa mata.

Ranar motar Lauya na wanke filtarsa da safe na jingina a kan kantar gareji. Na ce wa Mai Gareji zan je in dawo. Asibitin ido na je. Na zaci awa ɗaya ce, layi ya cinye huɗu. Suka ɗiga mini wani magani da ya buɗe idon, komai ya koma hazo, haske yana soka ta. Likita ya ce jijiya ce, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙe sauran. Na fito na hau mota na koma gareji da wannan magana a kaina. Na tarar da Lauya yana safa da marwa. Na taɓa filtar na ji ta bushe ƙayau, har na yi mamaki, don awa biyar ba ta isa ba. Na ɗaga ta a rana. Ban ga komai ba sai fari, hawaye yana zuba. Na shafa mai na mayar.

Da na tambaya wa ya taɓa ta. Da na ce wa wani zo ka duba mini. Bakina ya ƙi.

Maman Auta ta yi kuka, ta share, sannan ta ce, "Shekara guda kana zuba gishiri a shayi kana cewa ni na canja gwangwani. Na zaci tsufa ne." Har na yi dariya. Sai ta ce, "Laifi tudu ne, Baban Auta. Ka aika a ciro filtar nan."

Na ce wannan daban, wancan daban. Idona bai riƙe tiyo ba.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Sati biyu cif.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mai Fenti ya sake zuwa, hularsa a hannu. Ya ce tun washegarin tafiyata Mai Gareji ya kulle tiyon iska a ofis, in shi zai yi fenti sai ya je ya karɓo. Sauri kuwa yanzu an mayar da shi can wurin tifofi, ba ya taɓa ƙaramar mota.

Wato ya sani.

Ya sani tun ranar. Ya san wanda ya hura, ya dubi tsabar idona ya miƙa ni ga Lauya. Da a ce kuskure ya yi, da wata rana na yafe. Mutumin da muka kwana ƙarƙashin mota ɗaya, muka sha duka wurin ubangida ɗaya, wanda na riƙe masa gareji wata huɗu lokacin da ya karye a ƙafa. Don haushi baƙaƙen ma sun karkace.

Allah ya sa a tsakiyar hanya za ta tsaya masa, da rana tsaka, ba inuwa.

Alhamis, 3 ga sabon wata, ƙarfe goma na safe

Maman Auta ta ce in ban aika ba ita za ta aika Direba. Na ce in ta aika, ta haɗa da kayanta. Ban taɓa faɗa mata irin wannan ba. Ba ta aika ba, kuma tun safe ba ta tsokane ni ba.

Lahadi, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na ɗauki waya. Na ajiye. Sai dai shi ya fara kira.

Laraba, 9 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Maganin ɗigawa ya ƙare, ta sayo wani. Ita take ɗiga mini yanzu. Ta riƙe haɓata ta ɗiga, ta koma kan kekenta.

Asabar, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ya zo.

Ina baranda na ji injinta tun daga kwana. Ko a cikin motoci ɗari na san muryarta. Ya kashe a ƙofar gida, ya yi sallama, ya gaisa da Maman Auta, ya zauna a bencin da Mai Fenti yake zama. Na ƙi ba shi hannu. Ya ce, "Kunne, har yanzu?"

Na ce, "Ka san ba ni na hura ba."

Ya ce, "Tun ranar na sani."

"Shi ne ka nuna ni."

Ya ce, "Da na ce Sauri ne, Lauya zai tsaya nan? Zai ce wa ya duba ya mayar. A dawo kanka, a ce me ya hana ka gani, a gaban kowa. Bakaniken da aka ce ya yi ganganci sau ɗaya, gobe zai iya samun aiki. Wanda aka ce ba ya gani fa?"

Na ji kamar an zare benci daga ƙarƙashina. Na ce wa ya gaya masa.

"Tun bara nake ganin kana laluben sifana da yatsa. Kana tsammanin kwan nan don ado na sa a kan bencinka? Na yi ta jira ka gaya mini, kai kuma girman kai kamar hakimi."

Na ce, "Ƙaninka dai ka kare."

Ya ce, "Shi ma. Ba zan yi maka ƙarya ba, uwarmu ɗaya. Na cuce ka, Kunne, ka yafe mini."

Ban ce na yafe ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin motar da wasu takardu, ya kama hannuna ya danƙa mini. Ya ce, "Shekara ashirin da biyu ba a sallamar su da fatar baki. Sunan Direba na sa a takardun. Ya riƙa ɗaukar fasinja da ita ku rufa wa kanku asiri, kai kana saurarar masa inji. Tun makon farko na yi niyya, shi ya sa na aika ka wanko filtar, ba zan ba ka mota da ta takarda a ciki ba. Aikin tifofin nan ne ya riƙe ni, ba ni da wata ta zuwa sai jiya da na karɓi sabuwa."

Direba ya fito da gudu ba takalmi, ya durƙusa yana ta godiya. Ya zagaya motar ya fi sau uku. Maman Auta tana tsaye a bakin ƙofa, ban juya na dube ta ba.

Da zai tafi ya dafa bonet ya ce, "Ta sha hanya wata gudan nan, ƙurar wurin ba a magana. Amma hankalina kwance. Tun da filtar daga hannunka ta fito, ko akwatin ban buɗe ba."

Na ce, "Dogo." Sunan nan da na ce ba zan rubuta ba.

Ya juyo ya ce, "Na'am?"

Na ce, "Ka gaida gida."

Lahadi, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na sa Direba ya tayar da ita. Na tsaya a gefe na saurara. Na zagaya baya na tara hannu a bakin salansa, na kai hanci. Na ce ya kashe, ya je ya ɗebo ruwa ya wanke tayoyi.

Da ya shiga gida na buɗe akwatin na ciro filtar. Na zura hannu cikin bututun da ke bayanta, wanda ya kamata a ce ya fi cikin kofi tsabta, na shafo. Na murza tsakanin yatsu biyu. Wannan ba sai da ido ba.

Ya dawo da bokiti yana waƙa. Ya ce, "Baba, gobe zan fara fita. Injin lafiya lau ne ko? Kai ka san ta."

Maman Auta ta tsayar da keke, tana jira ta ji.

Ban ba shi amsa ba tukuna. Na wanke hannu sau biyu, ƙurar tana nan a ƙarƙashin farcena.